Yadda za ka ci abincin Sinawa a Malesiya hankalinka kwance

Yawancin ɗalibanmu da ke sauka a Kuala Lumpur, daga Kano ne ko Sakkwato ko Yamai, cikinsu a kan abu uku yake ƙarewa: roti canai, wata soyayyiyar gurasa mai laushi, da safe a wurin mamak, wato Indiyawa Musulmi masu shagunan nan da ba sa rufewa, soyayyiyar shinkafa da rana, sai mandi a gidan abincin Larabawa ranar da kuɗi suka shigo. Akwai wanda zai gama digiri na uku ya koma gida bai taɓa taka gidan abincin Sinawa ba, don an ce masa can alade ne kawai. Akwai kuma wanda da ya ga an liƙa "No Pork" a ƙofa sai ya yi bismillah ya ja kujera. Na farkon ya cuci bakinsa, na biyun kuwa ya yi sakaci da addininsa. Abin da zan faɗa a nan na tsince shi ne a zaman da na yi a Serdang, kusa da Kuala Lumpur, wurin abokan karatu Malayawa da Sinawa, kuma jigonsa ɗaya ne: shagon ake fara karantawa, takardar jerin abinci daga baya take zuwa.

Sai ka fara sanin su wa za ka ci girkinsu. A ƙidayar 2020 Sinawa sun kai kusan kashi 23 cikin ɗari na 'yan ƙasar, kuma ba tushensu ɗaya ba. Akwai Hokkien, akwai 'yan Kanton, da Hakka, da Teochew, da 'yan tsibirin Hainan. Da yawa daga cikin kakanninsu haƙar kuza ce ta kawo su a ƙarni na 19, irin kuzar da aka haƙa a Jos. Kuala Lumpur kanta sansanin masu haƙar kuza ce da ya kafu wajen 1857, kuma Yap Ah Loy, shugaban Sinawan da ya sake gina garin bayan yaƙi da gobara, ɗan Hakka ne. 'Yan Hainan sun zo a makare, sun tarar an rarraba sana'o'i, sai suka shiga aikin kuku a gidajen Turawan Ingila, daga baya suka buɗe shagunan kofi da ake kira kopitiam. Can a Malaka da Penang kuwa akwai Baba da Nyonya, zuriyar Sinawan da suka zo tun da daɗewa suka auri matan ƙasa, girkinsu rabi Sin rabi Malayu. Shi ya sa kada ka yi mamaki idan ka ga nasi lemak, shinkafar Malayawa da ake dafawa da madarar kwakwa, da dim sum, 'yan ƙananan ƙulle-ƙullen Sinawa da yawanci turara su ake yi, a takarda ɗaya. Girkin Sinawan Malesiya ya sha madarar kwakwa, ya sha tsamiya da barkono, ba irin wanda za ka ci a Beijing ba ne.

Kafin ka zauna

Abu na farko da idonka zai nema shi ne takardar shaidar halal ta JAKIM, hukumar da ke kula da harkokin Musulunci a ƙasar. Tambarin zagayayye ne, da tauraro mai kusurwa takwas a tsakiya, an rubuta halal da Larabci a cikinsa, sunan Malesiya yana zagaye da shi. Tun 2011 doka ta ce JAKIM da majalisun addini na jihohi ne kaɗai ke da ikon ba da wannan shaida. Don haka kwalin da mai shago ya rubuta halal da hannunsa, ko wata ayar Alƙur'ani da ya rataye a bango, ba shaida ba ce. Ka matsa kusa ka karanta takardar. Tana ɗauke da adireshin shagon da ranar da wa'adinta zai ƙare. Shago ɗaya ake ba wa, ba a ba kamfani a dunƙule, saboda haka ko a gidaje masu rassa da yawa irin su The Chicken Rice Shop ko OldTown White Coffee, waɗanda Musulmi ke cika su, ni sai na duba bangon reshen da na shiga. Ba ya cin minti ɗaya.

Idan babu takarda, sai ka koma ga alamu. Ka dubi teburan mutane. Kwalaben Tiger ko Carlsberg suna nufin wurin ba shi da shaida, don JAKIM ba ta ba wa inda ake sayar da giya. Ka dubi akwatin gilashin da ke gaban shago inda ake rataye nama. Kaza da agwagwa kowa ya san su, amma dogon jan nama mai ƙyalli kamar an shafa masa zuma char siu ne, gasasshen alade, faffaɗan mai ɓawo kuma siew yoke ne, cikin alade. Ko kaza za ka saya, a kan katako ɗaya da wuƙa ɗaya za a sare maka ita. Wuce kawai.

Sai maganar "No Pork, No Lard". Ma'anarta ba sa dafa naman alade kuma ba sa amfani da kitsensa. Da yawansu gaskiya suke faɗa. Amma rubutun bai ce komai ba a kan giyar girki, bai ce komai ba a kan wanda ya yanka kazar, ko inda aka sayo kayan ɗanɗano. Za ka ga Malayawa masu ɗankwali suna ci a wasu irin waɗannan wurare, za ka ga wasu ko ruwa ba za su sha ba. Malayawa Shafi'iyya ne, kuma suna da tsanani a kan kwano da tukunyar da alade ya taɓa: sai an wanke sau bakwai, ɗaya da ruwan da aka gauraya da ƙasa, abin da suke kira sertu. Idan abokinka Bamalaye ya ce a canja wuri, kada ka tsaya kawo masa hujja daga Risala ko Iziyya. Ku canja. Ni dai ƙa'idata ita ce, a irin wannan shago nakan tsaya a kan kifi da ganye da awara, kuma sai na tambayi maganar giya.

Tambayar ba ta da wuya. "Ada sijil halal?" wato akwai takardar halal. "Ada babi?" akwai alade. "Ada minyak babi?" akwai man alade. "Ada arak?" akwai giya. Namiji babba ka ce masa ankul, mace anti, haka kowa ke kiransu. Saurayi kuwa bos ya wadatar. A wurin Malayawa abang ake ce wa namiji, kak kuma mace. Abin da na lura da shi, Sinawan Malesiya ba sa ɓoye wannan magana. Sun tashi cikin Musulmi, sun san nauyinta. Sau da yawa kafin ka buɗe baki anti za ta kalli hularka ko hijabin matarka ta kaɗa hannu ta ce "tak halal". Ka gode mata.

Akwai hanya ta uku da ta fi sauƙi, ita ce gidajen Sinawa Musulmi. Musulunci tsohon abu ne a Sin. Cheng Ho, jagoran jiragen ruwan da ya yi ta zuwa Malaka a farkon ƙarni na 15, Musulmi ne. A 'yan shekarun nan 'yan ƙabilar Hui daga arewa maso yammacin Sin sun cika Kuala Lumpur da shagunan mee tarik, taliyar da ake ja da hannu a gabanka. Za ka ga haruffa biyu, 清真, a allonsu, alamar abincin Musulmi ke nan. Abin da suka fi shahara da shi taliyar Lanzhou ce: romon naman sa garai-garai, yankan farin radish, ganyen koriyanda, da jan man barkono yana yawo a sama. Suna gasa naman rago a tsinke da garin kamun, wato cumin, suna yin wata katuwar farantin kaza da dankali irin ta Xinjiang wadda mutum uku za su ci su bari. Wanda bai taɓa cin abincin Sinawa ba, nan nake fara kai shi.

Inda aladen yake ɓuya

Wannan shi ne wurin da ya kamata ka tsaya sosai, domin naman da kake gani a faranti ba shi ne matsala ba. Matsalar tana cikin kasko, tana cikin romo, tana cikin kwalba.

Ɗauki char kway teow, faffaɗar taliyar shinkafa da ake soyawa a wuta mai ƙarfi da jatan lande, ƙwai, tsiron wake da kicap, baƙin ruwan waken soya mai gishiri. A ido babu abin zargi. Amma a hannun Basine ɗan Penang da man alade ake soya ta, ana yanka lap cheong a ciki, wato jan tsiran alade mai zaƙi, sannan a watsa 'yan ƙananan soyayyun kitse masu ƙaras-ƙaras. Ko ka ce a cire tsiran, kaskon ɗaya ne, man ɗaya ne. Hokkien mee na Kuala Lumpur, baƙar taliya mai kauri, daɗinta gaba ɗaya daga wannan kitse yake. Abin da ake kira Hokkien mee a Penang kuma miyar jatan lande ce, sai dai da ƙashin alade ake dafa romonta tare da kawunan jatan landen. Curry mee na Penang, 'yan dunƙulen nan masu duhu da za ka ɗauka hanta ce, daskararren jinin alade ne. Wantan mee da char siu yake zuwa, ƙullin da ke cikin romon ma da niƙaƙƙen alade aka cusa shi. Siu mai, wanda shi ne sarkin dim sum, alade ne da jatan lande. Lor bak alade ne. Yong tau foo na Ampang, awara da kuɓewa da yalo da barkono da aka cusa wa niƙaƙƙen kifi, a girkin Hakka na asali ana haɗa kifin da alade. Bak kut teh kuwa, abin alfaharin garin Klang, haƙarƙarin alade ne a cikin romon saiwoyi. A 2024 aka sa shi cikin jerin abincin gado na ƙasa, aka yi ta cacar baki a kai.

Har abin da kake ɗauka na Malayawa ne zalla, idan a rumfar Basine yake, ka tambaya. Akwai nasi lemak da ake sayarwa da miyar alade, akwai satay, wato tsire, na alade a Malaka da Penang. Kayan fulawa ma haka: kek ɗin ƙwai mai ɓawo, biskitin wake, da kek ɗin bikin wata, da kitsen alade ake murza ƙullinsu a al'ada. Idan takardar da haruffan Sin aka rubuta ta, ka riƙe biyu: 猪 alade ne, 肉 kuma idan ya zo shi kaɗai ba a faɗi naman wace dabba ba, to na alade ake nufi.

Sai giya. Shaoxing giyar shinkafa ce da masu girkin Sin ke tsiyayawa kaɗan a gefen kasko, ko a kan kifin da ake turarawa, don kashe ƙarni. Duk abincin da aka kira "drunken", kaza ce ko jatan lande, a cikin giya aka jiƙa shi. Romon da manyan gidaje ke ajiyewa a tukunya suna ɗiba suna zubawa a miya da ganye, yawanci akwai ƙashin alade a ciki. Shi ya sa farantin ganye kore shar ma zai iya zama abin tambaya.

Labari mai daɗi shi ne kusan duk abin da na lissafa yana da na halal. Malayawa suna soya char kway teow da man girki, tasu ta fi ruwa-ruwa. Akwai chik kut teh da kaza. Akwai gidajen dim sum masu takarda da ke cusa kaza da jatan lande. Man girkin ma ba baƙo ba ne gare mu: manja ne da aka tace har ya yi fari, daga bishiyar da asalinta Afirka ta Yamma ne.

Abin da za ka ce a kawo

A gidan Sinawa ba a cewa kowa da farantinsa. Tebur ake yi wa oda. Ku huɗu, ku ce a kawo kala huɗu, ko biyar idan akwai mai ci da yawa: kifi ko jatan lande ɗaya, kaza ɗaya, awara ɗaya, ganye ɗaya, sai farar shinkafa kowa da ɗan kwanonsa. Kowane kala yana da ƙarami, matsakaici da babba, ma'aikacin zai kalli yawanku ya faɗa muku wanda ya dace. Kada ku tara abu mai miya iri ɗaya. A samu turararre, a samu soyayye, a samu mai yaji.

Kifi shi ne gwajin gida. Ka nemi siakap ko karfasa idan aljihu bai yi nauyi ba, kerapu idan wani ne zai biya. A turara shi da citta da albasa mai lawashi da kicap, a zuba tafasasshen mai a kai. Idan kifin ɗanye ne sabo, tsokar za ta rabu da ƙaya da kanta. Wanda ke son tsami ya ce a yi masa irin na Nyonya, da tsamiya da tumatir da kuɓewa. Mu Malikiyya ba mu da ƙunci a kan abin da ke cikin teku, don haka ƙaguwa da jatan lande duk naka ne, sai fa idan jikinka ba ya karɓarsu. Mai irin wannan lalura, ko mai rashin jituwa da gyaɗa, ya yi hattara ƙwarai, don busasshen jatan lande yana cikin kusan kowane yaji a ƙasar nan. Jatan lande da man shanu da ganyen kori da zare-zaren ƙwai abinci ne da Sinawan Malesiya suka ƙirƙira, haka kam heong, wanda ake soya kaza ko ƙaguwa da garin kori, busasshen jatan lande da ƙananan barkono. Ni kam heong nake zaɓa kullum. Kaza mai zaƙi da tsami kuwa, wadda baƙi ke rububinta, a ganina abincin yara ce.

A ganye, ka ce kangkung belacan. Kangkung ganyen fadama ne mai rami a kara, belacan kuwa ƙananan jatan lande ne da aka sa wa gishiri aka bari suka ruɓa aka shanya aka dunƙule. Daddawarsu ke nan: idan ana gasa shi maƙwabta sai sun sani, idan babu shi kuma miya lami ce. Akwai kuma petai, wani koren wake mai wari da ake soyawa da sambal, wato miyar barkononsu. Bishiyarsa 'yar'uwar ɗorawa ce ta jini, dangi ɗaya suke a ilimin tsirrai. Yana da ɗaci kaɗan, warinsa kuma yakan bi mutum har washegari, don haka kada ka ci shi daren da za ka gana da malamin da ke duba aikinka.

Awararsu ba ta tsaya a soyayya da yaji ba. Akwai mai laushi kamar kindirmo da ake turarawa, akwai wadda ake haɗawa da ƙwai a kawo ta tana tafasa a kan baƙin ƙarfe, akwai ta cikin tukunyar ƙasa da ganye da naman kaza irin na lema, wato mushroom. Ka tambaya ko da wane niƙaƙƙen nama aka yi miyar da ke kanta.

Idan kai kaɗai ne, shinkafa da kaza ta Hainan ta ishe ka. Ana dafa kazar a ruwan da bai kai ga tafasa sosai ba, a tsoma ta a ruwan sanyi don fatar ta yi santsi, sannan a dafa shinkafar da romon da kitsen kazar, da citta da tafarnuwa da ganyen pandan. Mutanenmu da yawa sukan ga farar kazar su ce ba ta dahu ba. Ta dahu. Idan dai ranka bai kwanta ba ka ce a ba ka gasasshiya. Sirrin yana cikin jan barkonon da ke ɗan ƙaramin kwano, a sa shi a kowace loma. Asam laksa na Penang kuma romon kifi ne da tsamiya da na'ana'a da abarba. Ko ka so shi ranar farko, ko ka ƙi shi har abada.

Da rana akwai abin da ake kira nasi campur, ko chap fan a wurin Sinawa. Tire ashirin ko fiye a jere, ka ɗebi shinkafa ka riƙa nuna abin da kake so. Babu sikeli, mai karɓar kuɗi kallon farantin zai yi ya faɗi farashi. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Nama biyu da ganye ɗaya ya fi arha a kan ɗan kaɗan-kaɗan daga wuri shida, don kowane kala da kuɗinsa. Na Sinawa wanda ba shi da takarda ka bar shi, cokulan suna yawo daga tire zuwa tire.

A kan tebur

A tsofaffin gidaje za a kawo roba da ruwan zafi, da kofuna da cokula da tsinkayen cin abinci a ciki. Ba na wanke hannu ba ne. Ɗauraye kayan ake yi a ciki, ƙaramin cikinku shi ke yi ya rarraba. Wurin wanke hannu yana can baya. Ka riƙa yawo da tishu naka.

Idan ba ka iya riƙe tsinke biyu ba, babu kunya. 'Yan Malesiya da yawa da cokali a dama da cokali mai yatsu a hagu suke cin shinkafa. Idan ka iya, to kada ka kafa su a tsaye cikin kwanon shinkafa, don haka ake kafa turaren tsinke ga mamaci, kuma kada ka nuna mutum da su. Faifan gilashin da ke tsakiyar tebur juyawa yake. Ka bari babba ya fara ɗiba, kada ka juya shi wani yana tsakiyar zubawa. Ka ɗebi kaɗan da cokalin da aka ajiye a farantin, ka ci, ka ƙara. Tara tsibi a gabanka tun farko abin kallo ne. Mai masauki zai iya ɗora maka tsokar kumatun kifi a kwano, girmamawa ce, ka karɓa. Wasu iyalai, musamman waɗanda kakanninsu masunta ne, ba sa juya kifi idan an cinye gefe ɗaya; ƙashin tsakiya ake ɗagewa a ci na ƙasa.

Shayinsu babu sukari babu madara, a ƙananan kofuna. Wanda ya ɗauki buta sai ya zuba wa kowa kafin kansa. Idan an zuba maka kana tsakiyar magana, ka ɗan ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu, godiya ke nan. Idan ruwa ya ƙare ka ɗage murfin butar ka bar shi a karkace, za a zo a ƙara ba sai ka kira kowa ba. A wurin biki za ka ji an miƙe ana ihun "yam seng" da kofuna a sama. Ka ɗaga kofin shayinka ko lemo, ba wanda zai ce maka don me.

Kopitiam tsarinsa daban. Mai shagon abin sha kawai yake sayarwa, rumfunan da ke kewaye haya suke yi, kowa da kasuwancinsa. Ka kama tebur, ka duba lambarsa, ka je rumfa ka faɗi abin da kake so da lambar, idan an kawo ka biya nan take. Dole ne ka sayi abin sha, kuɗin kujerarka ke nan. Kopi kofi ne da madarar gwangwani mai zaƙi, kopi O baƙi ne da sukari, kopi C da madarar ruwa marar zaƙi, kosong babu sukari, peng ko ais da ƙanƙara. Haka teh, wato shayi. Ka koyi cewa "kurang manis", a rage zaƙi, don sukarin da suke zubawa ya wuce hankali. Yawancin tsofaffin kopitiam ba halal ba ne, a irinsu nakan tsaya a kan kofi idan na raka abokai. Masu takarda suna cikin manyan kantuna irin su Mid Valley, Suria KLCC da IOI City Mall na Putrajaya, inda kuma akwai surau, wato ƙaramin masallaci, idan lokacin salla ya riske ka. Jalan Alor da Petaling Street wuraren kallo ne masu kyau da daddare, amma yawancin rumfunansu ba naka ba ne. Ka zaga ka ɗauki hoto, ka wuce Kampung Baru, unguwar Malayawa, ka ci abincin dare.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Dim sum abincin safe ne zuwa azahar, wanda ya je da yamma sauran da aka bari zai samu. Gidajen zama da yawa suna rufe kicin wajen ƙarfe biyu da rabi ko uku, sai shida su buɗe. A sabuwar shekarar Sinawa, wadda ke faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu, ƙananan shaguna sukan rufe kwanaki. A lokacin ne ake cin yee sang, yankakken ganye kala-kala da ɗanyen kifi wanda kowa ke miƙewa a riƙa ɗaga shi sama da tsinke ana fatan alheri. Otal-otal masu kicin na halal suna yin sa. Da azumi kuwa gidajen Sinawa a buɗe suke da rana, amma Musulmi ya zauna yana ci a bainar jama'a laifi ne a dokokin shari'a na jihohi. Matafiyi ko marar lafiya ya ce a ƙulle masa.

Kuɗi

Abin da ya fi kwashe wa mutane kuɗi shi ne kifi da ƙaguwa da ba a rubuta farashinsu ba. Da nauyi ake sayar da su, yawanci kowane giram 100. A misali, idan aka ce ringgit 12, kifi mai giram 900 ya kama ringgit 108 shi kaɗai. Ka tambaya "berapa?" kafin a kai shi kicin, ka sa a faɗa maka nauyin da jimillar. Ba rowa ba ce, Sinawan da kansu haka suke yi.

Idan ka ga alamar ++ a gefen farashi, akwai ƙari biyu: kashi 10 na hidima, da kashi 6 na harajin gwamnati. Abincin ringgit 100 zai koma wajen 116. Saboda haka ba a ba da tukuici a kan wannan, rumfuna da kopitiam ma ba su san shi ba. Gyaɗar da ka tarar a tebur da jiƙaƙƙen tawul ɗin da ke cikin leda ba kyauta ba ne, suna cikin rasit. Idan ba ka so ka mayar tun farko ba ka buɗe ba. Shayi kuma da yawan mutanen da ke tebur ake lissafa shi.

Idan kun gama ka ɗaga hannu ka ce "kira", ko ka je kanta da lambar teburinka. Kusan ko'ina ana karɓar DuitNow ko Touch 'n Go ta waya, amma tsofaffin ankul a rumfa har yanzu tsabar kuɗi suke so. Wanda ya gayyata shi ke biya, kuma Basine zai yi kokawa da kai a gaban kanta a kan haka. Ka nuna niyya sau ɗaya ko biyu, ka bar masa, sai ka rama wani lokaci a wurin da kai ka zaɓa. Tsakanin ɗalibai kuwa raba kuɗin ake yi daidai, mutum ɗaya ya biya sauran su tura masa. Abin da ya rage a faranti ka ce "bungkus" ko "tapau", za a zuba maka a roba, miyar a ƙulle ta daban a 'yar leda don kada shinkafar ta jiƙe kafin ka isa ɗaki.